Kwamfutar Wasa Da Kuɗin Masara: Zaɓen Kaya Da Tsara Kasafi

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a Tsiga





Da farko ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana, sa'an nan ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ga dacewar in tsaya a gabanku, alhali kuwa akwai waɗanda suka fi ni ilmi da shekaru a wannan zaure. Ranar da sakatare ya bugo mini waya, na faɗa masa cewa zan yi magana ne a kan yadda ake haɗa kwamfutar wasa, sai ya yi shiru har na zaci layi ne ya yanke. Can sai ya ce, "Duk abin da ke damun ƙasar nan, ka rasa abin faɗa a gaban malamai sai wasa?" Na ce masa ya yi haƙuri ya saurara, domin maganar wasa ce a baki, amma a ciki maganar kuɗi ce da tarbiyya.

Waɗanda muka yi aji ɗaya da su za su tuna gidan gem ɗin nan na bakin kasuwa, inda ake kunna PlayStation 2 da ƙaramin janareta, muna zuba kuɗin tararmu muna buga ƙwallo. Wata rana malaminmu na lissafi, ga shi can zaune yana murmushi, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya ritsa ni a wurin. Na sadakar bulala zan sha. Bai taɓa ni ba. Washegari ya kira ni gaban allo, ya miƙo mini alli, ya ce in lissafa abin da nake kashewa a rana, in ninka shi da kwanakin zango. Da na ja layi na rubuta amsa, sai ga shi ta zarce kuɗin littafin lissafin da na rantse masa mahaifina ba shi da halin saya. Malam, yau a ofishin tsara kasafin kuɗi nake aikin gwamnati, kuma a gaban allon nan naka na fara koyon aikin.

Abin da ya jawo maganar

A kakar 2023 ɗan yayana ya same ni. Ba zan ambaci sunansa ba, kun san ɗan fari ne. Yaron ya gama sakandare, ya nome gayaunarsa da hannunsa, masara da waken soya, Allah kuwa Ya sa albarka. Ya ce, "Baffa, so nake in sayar da amfanina in haɗa kwamfutar wasa, amma Baba ya ce ko da wasa kada in sake tayar da maganar." Da na je wurin Yaya, sai ya ce, "Kai ne ɗan boko. Idan ka ga da amfani, ka tsaya masa. Amma idan guminsa na shekara ya tafi a banza, da kai zan yi kuka, ba da shi ba."

Na tabbata da yawa daga cikinku ko dai an riga an kawo muku irin wannan buƙata, ko kuwa tana nan tafe, daga ɗa ko ƙane ko ɗan 'yar'uwa. Hanawa kai tsaye ba ta cika yin magani ba, domin yaron zai je ya sayo tarkace a ɓoye. Miƙa kuɗi ido rufe kuwa ya fi muni. Saboda haka abin da nake so in bar muku a yau guda ɗaya ne: kwamfuta ba a fara sayenta a kasuwa, a kan takarda ake fara sayenta. Kuma a ƙasarmu takardar nan tana da shafi biyu, kamar kasafin gwamnati, watau shafin manyan ayyuka da shafin harkokin yau da kullum.

Me za a yi da ita?

Tambayar farko da na yi wa yaron ita ce, wane wasa zai buga, kuma a kan wane irin allo. Wannan tambaya ita ce ke yanke rabin kuɗin. Wasan ƙwallon da muka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, da kuma PES wanda ya koma eFootball a 2021, ba su kai manyan wasannin yaƙi da na tsere cin ƙarfin na'ura ba. Haka kuma allon da ke nuna ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, yana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, ya wadatar da mai farawa. Allon da ake kira 4K yana da ninki huɗu na waɗannan ɗigogi, kuma kowane ɗigo sai na'ura ta yi aikin zana shi. Wanda ya ce sai 4K, to ya shirya wa kuɗin da ba na manomi ba.

Na kuma tambaye shi ko akwai wani abin da yake so ya yi da ita ban da wasa. Ya ce yana sha'awar koyon haɗa bidiyo da zanen katin biki. Na ce to madalla, a rubuta wannan ma, domin na'urar da ke iya ɗaukar wasa ita ce dai ke iya ɗaukar wannan aiki.

Sassan na'ura da aikin kowanne

Bari in bi sassan ɗaya bayan ɗaya, da misalin da kowane ɗan Tsiga zai gane.

Na farko furosesa, watau ƙwaƙwalwar na'ura. Shi ne kamar maigida a gandu, mai tsara aiki da ba da umurni. Kamfanoni biyu ne suka riƙe kasuwarsa, Intel da AMD.

Na biyu katin hoto. Shi kuma kamar 'yan gayya ne, hannuwa ɗaruruwa ko dubbai, kowane yana yin ɗan ƙaramin aiki, amma duk a lokaci guda. A kwamfutar wasa shi ne ya fi kowane sashe tsada, kuma shi ne ya fi shan wuta. Nvidia da AMD su ne manya a nan, Intel ma ya shigo da nasa mai suna Arc a 2022. Abin lura shi ne daidaito tsakanin waɗannan biyu. Duk wanda ya taɓa huɗa da shanu ya san idan aka haɗa ƙaton bijimi da ɗan maraƙi a karkiya ɗaya, ba da saurin bijimin za a tafi ba, kuma kunya ba za ta miƙe ba. Haka kati mai tsada yake idan aka haɗa shi da tsohon furosesa: an biya kuɗin ƙarfin da ba za a mora ba.

Na uku madabod, babban farantin da ake dasa sauran kaya a kansa. A nan ne mutane suka fi yin asara, domin ba kowane furosesa ke zama a kowane faranti ba. Kowanne da irin gurbinsa. AMD ya fito da gurbin AM4 a 2016, sa'an nan ya fito da AM5 a 2022, kuma na wannan ba ya shiga na wancan. Na Intel kuwa dabam ne gaba ɗaya. Madabod mai tsada ba ya ƙara wa wasa gudu, saboda haka matsakaici daga sanannen kamfani ya isa.

Na huɗu RAM. Idan rumbu shi ne wurin ajiya, to RAM ita ce tabarmar da ake baza hatsin da ake aiki a kansa yanzu. Idan tabarma ta yi ƙanƙanta, sai a yi ta kai da kawowa zuwa rumbu, aiki ya yi nawa. Gigabait 16 ya dace da mai wasa, kuma sanda biyu masu 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, domin hanya biyu ake buɗe wa na'ura maimakon ɗaya. A kula kuma, akwai DDR4 akwai DDR5, ba sa shiga gurbin juna. AM4 da DDR4 yake aiki, AM5 kuwa sai DDR5.

Na biyar rumbun ajiya. Tsohon samfuri mai faifai yana juyawa a ciki yana da araha da faɗi, amma yana da nawa, kuma ba ya son jijjiga. Sabon samfuri, SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa. Duk wanda ke da tsohuwar kwamfuta mai nawa a gida ko a ofis, kafin ya yi tunanin sayen sabuwa ya fara sa mata SSD ya ƙara mata RAM, zai sha mamaki. Ga mai wasa, kada ya yi ƙasa da gigabait 500, domin akwai wasannin da guda ɗaya ke cin fiye da gigabait 100.

Na shida akwati da fankoki. Yara suna son akwatin gilashi mai fitilu kala-kala. Fitila ba ta ƙara gudu ko na taku ɗaya. Abin da muke bukata a ƙasar da bazara ke kai zafi wajen digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙura, shi ne akwatin da iska ke ratsawa, mai raga a gaba wadda za a iya cirewa a kakkaɓe.

Na bakwai fawa, akwatin ƙarfen da ke karɓar wutar bango ya rarraba wa sauran sassa daidai bukatarsu. A kan wannan zan ɗan tsaya, domin a nan na sha tawa.

Kuskuren da na yi

Shekaru kaɗan bayan na kama aiki, na yi adashi a ofis, na kwashi kuɗina na tafi wani shago a birni don in haɗa tawa na'urar. Na zaɓi furosesa mai kyau, na zaɓi kati mai kyau, da muka zo kan fawa kuɗi ya kusa ƙarewa. Mai shagon ya ɗauko wata marar suna, sakayau kamar gwangwanin da babu komai a ciki, an rubuta mata wat 600 a jiki, ya ce ai duk aikinsu ɗaya. Na karɓa ina murna na yi ciniki.

Wata huɗu na yi ina jin daɗi. Ran nan da dare aka kawo wuta da ƙarfi, na ji wani ɗan ƙara, sai warin ƙonewa ya cika ɗaki. Fawar ta mutu, ba ta kuwa tafi ita kaɗai ba, ta ja madabod da katin hoto. Adashin wata goma ya tafi saboda na yi rowar abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ba. Uwargida ba ta ce mini komai ba, kuma kun san wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce araha ba ta ado.

Saboda haka ina roƙonku, kowane sashe ana iya sayensa na hannu, amma fawa a saye ta sabuwa, ta sanannen kamfani. A duba tambarin 80 Plus a jikinta, wanda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ta ja yana isa ga na'ura, ba ya tashi a zafi. Tambarin shi kaɗai ba shaidar inganci ba ne, amma rashinsa alama ce ta a yi hattara. A kuma bar rata: idan na'ura za ta sha wat 300, a sayi mai 500 ko 550.

Shafi na biyu: wuta

Yawancin shawarwarin da yaranmu ke kallo a YouTube daga Amurka da Turai suke zuwa, inda mutum zai shekara bai ga an ɗauke wuta ba. Shi ya sa ba za ka ji sun sa wuta a lissafi ba. Mu kuwa mun san halin da muke ciki. A wurinmu wuta sashe ce ta kwamfuta, kamar yadda taki yake sashen noman masara.

Malam, ga lissafi, a duba mini. Matsakaiciyar kwamfutar wasa tare da allonta tana iya shan wat 300. Idan an kunna ta awa 4 a rana, an sha 1,200, watau yunit 1.2. A wata guda yunit 36 ke nan. A watan Afrilun 2024 an kai kuɗin yunit ɗaya Naira 225 ga masu layin da ake kira Band A. A wannan farashi, Naira 8,100 ke nan a wata, ga wanda yake samun wutar. Wanda ba ya samu fa? Idan janareta ne, kowa ya san abin da fetur ya zama tun da aka janye tallafi a ƙarshen Mayun 2023. Idan sola ce, babban batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce, amma irin na ruwan batir ba a so a zuƙe fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko. Rabin kuwa shi ne 1,200. Ashe ke nan wasan awa huɗu zai shanye babban batir guda, ba a kunna fanka ba, ba a kunna ƙwai ko ɗaya ba.

Wannan lissafi shi ne ya kamata ya zaɓar mana kati, ba farashin shago kaɗai ba. Misali, RX 580, wanda ya fito a 2017, ana samunsa da araha a kasuwar kayan hannu, amma yana shan wat 185. GTX 1650 na 2019 wat 75 yake sha. RX 6600 na 2021 yana shan 132, ga shi kuma ya fi su duka biyun ƙarfi. RTX 4060 na 2023 yana shan 115. Kun ga ke nan katin da ya yi araha ranar saye yana iya zama shi ne mai tsada a ƙarshen shekara. A ofis mun saba ganin irin wannan: a gina katafaren gini, a manta da kuɗin kula da shi.

Bayan haka tilas a tanadi sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta, da kuma UPS, ƙaramin batirin da ke riƙe na'ura na 'yan mintoci har a kashe ta cikin natsuwa. Kada a manta da data, domin wasannin yanzu saukar da su ake yi ta intanet, kuma ba sa daina neman sabuntawa.

Rabon kuɗi

Ga yadda muka raba namu a takarda. Ba doka ba ce, ra'ayina ne bisa abin da na gani. A kowace Naira 100: katin hoto 30, furosesa da madabod da RAM 25, fawa da akwati 10, rumbu 5, allo da kibod da linzami 10, sitabilaiza da UPS 10, sauran 10 kuwa a ajiye, kada a taɓa, saboda kuɗin mota da abin da ba a zata ba.

Amma akwai darasin da kasuwa ta koya mana. Duk waɗannan kaya da dala ake shigo da su. Kafin a saki Naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A Disambar 2023, lokacin da muka rubuta kasafinmu, tana wajen 900. Kafin Fabrairun 2024 ta ƙare ta kai 1,500. Takardar da muka zauna muka tsara ta tashi aiki cikin wata biyu. Don ku ga nauyin abin, RTX 4060 ya fito a kan dala 299. A kan 1,500 ya kama Naira 448,500, ba a sa kuɗin kwastan da ribar ɗan kasuwa ba, watau ya haura albashin wata shida na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024. Wani lokaci kuma ba Naira ce ke jawo tashin ba. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya baki ɗaya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi wa kayan rubdugu. Don haka a rubuta kasafi da dala a gefe, a kuma sake tambayar farashi ana gobe za a tafi kasuwa.

Da muka ga kuɗin ba zai kai ba, yaron ya ce a rage ingancin komai don a samu a haɗa duka a lokaci ɗaya. Na tuna warin ƙonewar nan, na ce a'a. Sannu ba ta hana zuwa. Muka cire katin hoto daga lissafi gaba ɗaya, muka sayi furosesa Ryzen 5 5600G, wanda ke da ɗan katin hoto a cikinsa, wat 65 yake sha, yana kuma iya ɗaukar wasanni marasa nauyi idan an rage ƙawar hoto. Muka sa masa RAM sanda biyu, da SSD, da fawa mai kyau wadda za ta iya ɗaukar kati nan gaba. Wannan ita ce fa'idar kwamfutar tebur a kan ta tafi-da-gidanka: ana gina ta kamar gidan ƙasa, bana ɗaki ɗaya, baɗi a ƙara wani. Ta tafi-da-gidanka tana da batirinta, ba ta shan wuta sosai, amma furosesa da katinta a like suke, ba a sauya su.

Shiga kasuwa

Mu nan Kano muka fi zuwa, wajen titin Beirut, wasu kuma sukan yi saƙo daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. Ko'ina ne, akwai mutanen kirki akwai kuma waɗanda ba su ba. Ga abin da zan ce game da kayan hannu.

Kada a yi cinikin biri a sama. A sa mai shago ya dasa katin a na'ura, a kunna wasa mai nauyi na kamar rabin awa, a zuba ido. Idan hoto yana yin zane-zane ko ɗigo-ɗigo, ko fanka tana kuka, ko na'ura ta mutu da kanta, a ajiye masa kayansa. A sani kuma cewa an yi amfani da katuna masu yawa wajen haƙar kuɗin kirifto dare da rana, kuma da Ethereum ya daina wannan tsari a Satumbar 2022 sai aka juye su a kasuwannin duniya. Ba duka ne suka lalace ba, amma dalili ne na a gwada da kyau. Akwai kuma katunan jabu, tsofaffi da aka sauya wa suna. Wata manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z tana taimakawa wajen tona asirinsu. Daga ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan da adadin kwanakin da aka yarda za a iya mayarwa. Kunyar neman rasit ta jawo wa mutane da yawa asara.

Sharuɗɗan Yaya

Kafin a kunna na'urar, Yaya ya zaunar da mu a zaure ya kafa sharuɗɗa uku. Idan an kira salla, a kashe. Da damina, ba wasa sai an dawo daga gona. Na uku, ranar da ya ji an sa kuɗi a kan wasa, ko na Naira biyar ne, ranar zai kai ta kasuwa, domin daga nan ta zama caca. Ni kuma na ƙara na huɗu, cewa a riƙa duba lambar shekarun da ake bugawa a jikin wasanni, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, saboda ƙannensa da ke leƙe. Damuwar Yaya ba ta rashin wayewa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sanya kamuwa da jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka a 2019.

A kakar 2024 yaron ya sake sayar da amfaninsa, muka koma Kano, muka sayi RX 6600 na hannu bayan mun gwada shi har mai shagon ya fara ƙosawa. Ya dasa shi da hannunsa, ni ina kallo kawai. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya zama injiniya ba. Har yanzu yana buga ƙwallo fiye da yadda nake so, kuma sau biyu Yaya yana ƙwace wayar wutar ya kulle a akwatinsa. Amma yanzu shi ke zana katin biki da na walima a unguwarsu, yana haɗa bidiyon suna, kuma daga nan yake sayen datarsa. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, da wani abokinsa ya zo neman shawara, na ji shi yana cewa, "Ɗauko takarda tukuna." Yaya bai taɓa ce mini na kyauta ba, amma bai yi kuka da ni ba, kuma a wurin Yaya wannan yabo ne.

Roƙona ga ƙungiya

Ya shugaban taro, a zamaninmu kwamfuta ɗaya muka sani a makarantar nan, a ofishin shugaba, an lulluɓe ta da ƙyalle kamar amarya. Tun daga 2015 kuwa jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yin ta. Yaron da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa, an cuce shi tun kafin ya karanta tambayar farko. Na ji ana maganar ƙungiya za ta tara kuɗi don ɗakin kwamfuta. Idan Allah Ya nufa, ina roƙon a bi wannan hanya. Koyon rubutu da gwajin jarrabawa ba sa bukatar katin hoto. Kwamfutocin ofis na hannu, masu SSD da RAM gigabait 8, sun wadatar. Sai dai a lura, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 yana neman furosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama, don haka kada a tara mana tsofaffin da suka gaza wannan. A fara da lissafin sola da batir kafin a ƙidaya na'urori, domin goma masu aiki sun fi talatin da ke lulluɓe. A ware kuɗin gyara na kowace shekara. Idan da rara, a haɗa guda ɗaya mai ƙarfi don masu son koyon zane da bidiyo.

Ni ba mai kuɗi ba ne, kun san albashin ma'aikaci. Amma na yi alkawari, idan an tashi saye zan rubuta kasafin kyauta, zan bi 'yan kwamiti kasuwa da kuɗin motata, kuma ranar da za a haɗa na'urorin ina so a tara ɗalibai su haɗa da hannunsu, ni da ɗan yayana muna nuna musu.

Malamanmu, abin da kuka shuka ne muke ci. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙansu da rahama. Waɗanda ke raye, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Idan na yi kuskure a lissafi, Malam yana nan, alli kuma bai ƙare ba. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.